Ni da Gwaggo da Kwalbar Man Maɗaci

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tun da waɗanda za su tona duk sun riga mu gidan gaskiya. Na taɓa sa takarda ta yi gardama da watan sama, kuma na goyi bayan takarda. Ni da na yanke wannan hukunci kuwa, aji uku na yi a makarantar mishan, na ukun ma ban ƙarasa ba, don malaminmu ya ce bencin da nake zama a kai ya fi ni kama karatu, shi ko ba komai yana kwana a aji. Da a ce jahilci kaɗai ne da sauƙi. Har da kwaɗayi, har da ƙarya, aka haɗu aka yi mini taron dangi a cikin kwana uku. Yau gemuna fari fat, yara na durƙusa mini a hanyar coci suna cewa Baba ina kwana, ina amsawa da murya irin ta masu hankali. Ba su san komai ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne 'yata ta biyu, wadda ke aikin jinya a Kaduna. Ta zo hutu ta zauna kusa da ni da wayarta, tana shafa fuskar wayar da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wai ita da mijinta za su ɗauki yara su zaga bukukuwan gargajiyar ƙasarmu a mota, su fara daga wajen Kasuwan Magani su gangaro Zonkwa, su biyo ta nan Kafanchan. Ta nuna mini komai a rubuce: wannan gari ranar kaza, wancan ranar kaza, za a fara ƙarfe goma, ga sunan babban baƙo, ga wanda zai buɗe taro da addu'a. Tun watanni kafin biki kwamiti ya zauna ya tsayar da rana, an buga a takarda an manna a jikin kowace bishiya da kowace motar haya. Ta ce, "Baba, ku da kuka yi tuƙi a hanyoyin nan, ya kuke shirya irin wannan tafiya a da?" Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce mata jeki ki duba tuwo.

A da ba kwamiti ke sa ranar biki ba. Ƙasa ke sawa, tsofaffi su karanta. In ɗorawa ta saki 'ya'yanta suka yi rere a reshe, in mangwaro ya fara faɗowa da kansa a kan kwano, in zafi ya kai har kare ba ya iya haushi sai dai ya buɗe baki ya fasa, in aka ga wani siririn hadari ya leƙo gabas da yamma ya koma kamar baƙon da ya yi ɓatan gida, to tsofaffi sai su fara ɗaga kai suna duban wata. Kowane dutse da nasa lissafi, kowane yare da nasa. Wani gari ya yi biki, ƙahonsa ya yi shiru, na gaba ya ɗauka, kamar yadda wutar daji ke tsallaka rafi. Ba mai gaya maka. A kasuwa za ka gane: manja ya yi tsada, riɗi ya ɓace, mata na sayen tukwane manya, masu akayau sun zauna gindin inuwa suna ɗinka na ƙafa, kana jin cas-cas-cas tun daga bakin hanya. Mahaifiyata kan ce wanda ya tambayi ranar biki baƙo ne, ɗan gari hancinsa ke gaya masa.

Ni kuwa ɗan gari ne da suna kawai. A barikin reluwe na Kafanchan aka haife ni, ubana lebura ne a kan layin dogo, kukan jirgi na fara sani kafin kukan ƙaho. Ƙauyenmu yana can gindin wani dutse gaba da Zonkwa, sau biyu aka taɓa kai ni ina ƙarami, abin da na riƙe kawai shi ne akuya ta tunkuye ni. Bayan ubana ya rasu, sai yayansa, wanda muke kira Baba Babba, ya zama shi ne kan gida a can. Shi ke riƙe da ƙahon gidanmu, ƙahon gwanki ne baƙi wuluk, tsawonsa ya kai hannun ƙato. Al'adar dutsen ita ce, ranar da wata ya cika, maza su hau sama su yi kwana biyu, a shimfiɗa ɗanyen ganye a hanyar shiga gari, ba shiga ba fita. Safiya ta uku kowane gida ya busa ƙahonsa daga sama, bi da bi, sannan a sauko. Amma ƙaho ba ya hawa baki sai 'yar'uwar mai busawa, wadda suka fito ciki ɗaya, ta shafe shi da man maɗaci da hannunta kafin a hau. Ba mata ba, ba 'ya ba, 'yar'uwa. Wadda ke shafa wa Baba Babba shekara da shekaru ta rasu da damina. Saura guda ɗaya tak a duniya, Gwaggo, wadda aure ya kai Jere tun kafin a haife ni. Sai ya aika mata da saƙo ta bakin wani mai fataucin citta: gwiwoyinsa sun gama, bana ne hawansa na ƙarshe, ta zo.

Lokacin ina da shekara ashirin da wani abu, ina jan a-kori-kurar wani maigida mai sayen citta, na tara gashin baki, ina da agogon hannu wanda ba ya tafiya amma yana ƙyalli. Aka ce tun da zan kai kaya Jere, in ɗauko Gwaggo a dawowa. Kafin in tashi na biya wajen wani hedimasta ɗan ƙauyenmu da ke koyarwa a Kafanchan, mutum mai kirki, mai rubuta komai. Na tambaye shi yaushe ake sa ganye. Ya ɗauko tsohuwar kalandarsa ya nuna mini inda ya zagaye da jan biro, ya ce, "Bara dai ranar nan aka sa. Amma ka san su..." Ban tsaya jin amma ba. Na ari biron, na zagaye ranar a sabuwar kalandar da wani kanti ya ba maigidana, na naɗe ta na cusa a aljihu. Na fito ina tafiya kamar wanda aka ba mabuɗin sama. A lissafina akwai sati biyu cur. A hanya kuma na san akwai biki a wani gari wajen Kwoi, akwai wani kusa da Zonkwa. Na ce kai, ga mota, ga mai, ga lokaci. Zan ci biki biyu a hanya in cika da na uku a gida, in dawo tasha in ba direbobi labari har su ji haushi.

Na sami Gwaggo a ƙofar gida a Jere, zaune a kan ƙunshin kayanta, ta ɗaura ɗankwalin zumuntar mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta tsaya kanta bai wuce aljihun rigata ba. A cinyarta akwai kwalba da aka toshe da totuwar masara, cike da man maɗacin da ta tatsa da kanta. Ko ruwa ba ta bari na sha ba.

"Ɗan reluwe, ta da mota. Kwana uku ya rage."

"Haba Gwaggo, sati biyu dai." Na zaro kalanda na warware mata a kan murfin inji. "Duba nan. Hedimasta da kansa."

Ta dubi takardar, ta dubi hoton wata mata da ke riƙe da sabulu a samanta, ta ce, "Wannan yarinyar ce ta gaya maka?"

"Lamba ce, Gwaggo. Lamba ba ta ƙarya."

"Jiya ka ga wata?"

"Ni direba ne, hanya nake kallo."

"To ni na gani. Saura kaɗan ya cika ƙwarya. Shi bai je makaranta ba, amma ba a taɓa koro shi daga aji uku ba."

Na haɗiye wannan, don ban san labarin ya kai har Jere ba. Muka kama hanya. Hanyar lokacin ba irin ta yau ba ce, rabi kwalta rabi addu'a, tafiyar da yanzu ake yi kafin shayi ya huce, a da kwana biyu ce in mota ta so. Gwaggo na gaba kusa da ni, ta rungume kwalba, duk ramin da muka faɗa sai ta ɗaga ta sama kamar jariri.

La'asar sakaliya muka shiga garin nan na wajen Kwoi, kuma tun kafin in ga mutum na ji abin a ƙirjina. Ganguna ne manya da ake kafawa a ƙasa, sautinsu ba ta kunne yake shiga ba, ta tafin ƙafa yake hawa. 'Yan mata sun jeru sun fi a ƙirga, jiki ya sha mai yana walƙiya, akayau a ƙafa, in suka buga ƙasa tare sai ka ji kamar an zuba tsakuwa a kan kwano. A kowace ƙofa akwai akushin wake da aka kwaɓa da riɗi da manja, ja jawur, ba a tambayar ko kai waye, hannu kawai ake miƙa maka da ruwan wanki. Na ce wa Gwaggo bari inji ya huce. Inji ya huce, ni na ɗau zafi. Washegari da safe aka ce ai jiya somin taɓi ne, yau ce babbar rana. Akwai kuma wata doguwa mai wushirya a layi na biyu da ta dube ni sau ɗaya, ni kuma na ƙirga shi sau goma. Sai na zagaya gaban mota, na ɗaga murfi, na zare wata 'yar waya da ke kai wa inji wuta, na sa ta a aljihu ɗaya da kalanda. Na murɗa mabuɗi a gaban Gwaggo, mota ta yi tari ta yi shiru. Na dafe kai na ce innalillahi, duk da ni Kirista ne, don na ga ya fi nuna tashin hankali.

Gwaggo ta ce, "Motar nan tana da hanci. Ta ji ƙanshin wake."

"Sai na nemo makaniki, Gwaggo."

"Nemo. Na ga makanikin a layi na biyu."

Duk da haka na tafi. Na yi rawa har takalmina ya rabu da gindinsa, na ci wake gida biyar, doguwar nan kuma ashe matar wani ce, mijin na riƙe da babbar ganga. Gwaggo ta yini a inuwar mota, ba ta ci komai ba sai kunun da wata mata ta kawo mata. Duk lokacin da na waiwaya daga fili ina hango ɗankwalinta a wuri ɗaya. Na ce a raina, tsufa ne, in muka isa da sauran kwana goma za ta ji kunya ta ba ni haƙuri.

Safiya ta uku na farka a bayan mota, na leƙa gaba, ba Gwaggo ba kwalba. Wata mai shara ta nuna mini hanyar Kafanchan da tsintsiya. A nan ne na gane da gaske take, don tsohuwa ba ta kama hanyar kwana da kwanaki a ƙafa saboda rigima kawai. Na maida waya, mota ta tashi bugu ɗaya. Na cim mata ta yi nisa, tana tafiya a gefen hanya, ƙunshi a ka, kwalba a kan ƙunshi, ko karkata ba ta yi. Na tsaya na buɗe ƙofa. Ta shiga ba ta dube ni ba, ta ce, "Allah ya saka wa makaniki." Na taka mota yadda ban taɓa takawa ba. To ita ma motar da na yi wa sharri tana da zuciya. Muna wuce Kafanchan taya ta fashe da gaske, na sa safaya, kafin Zonkwa ita ma ta sace. Na gangara da taya a ƙafa neman mai faci, rana na dukan ƙeyata, ina roƙon Allah da duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci.

Rana ta karkata sosai muka iso inda hanyar mota ta ƙare, ƙaramar hanyar gari ta fara. Ga dutsen nan tsaye, ya rufe rabin sama. Ga kuma ganye a ƙasa, an shimfiɗa shi daga wannan gefen hanya zuwa wancan, faɗinsa bai fi taki ɗaya ba. Ɗanye shar, ko yaushi bai fara ba. Ba igiya, ba ƙyaure, ba mai gadi, ko kare babu. Ina hango rufin ɗakunan gari, har da hayaƙi na tashi. Gwaggo ta sauka ta tsaya a gabansa, kwalba a hannu.

"Gwaggo, ba kowa fa. Taki ɗaya ne. In goya ki mu tsallaka, ƙila ba su yi nisa ba."

"Sun hau."

"To wa zai sani?"

"Ni."

Sai muka ji gyaran murya a bayanmu. Wani dattijon Bafulatani ne da sanda a kafaɗa, Ardon rugar da ke gefen dutsen. Ya gaida Gwaggo da yaren garin, abin da ni ɗan gida ban iya ba, suka yi magana, ya girgiza kai. Sannan ya juyo gare ni da Hausa.

"Samari, kai ne mai tsallaka ganye? Shanuna ma ba sa tsallakawa, kuma su ba su da gashin baki."

"Baffa, a takarda saura kwana goma sha ɗaya."

"Ni ba ni da takarda. Shekaranjiya tsofaffin gari suka aiko mini da goro, na san in sauko da shanu daga dutse. Haka suka yi wa ubana. Da tsakar rana aka sa ganyen nan, ina tsaye. Ɗan'uwanta shi ya hau ƙarshe, yana ta waiwayen hanya."

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Da ta yi da na ji sauƙi.

Ardo ya sauke mu a rugarsa kwana biyu. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ni da na girma inda jirgi ke girgiza kwanon tuwo. Gari guda a gabanka, da mata da yara da awaki, amma ba ka jin taɓarya, ba ka jin faskare, ba mai ƙwala wa wani kira. A rugar ma matan sun jingine turmi, a dutsen niƙa suke gurza gero a hankali, wai maƙwabta na shiru, ba a yi musu daka a ka. Abin da kake ji kawai feshin nono a ƙwarya da safe, da numfashin shanu, da kurciya. Gwaggo ta shiga cikin mata tana taya su tsince gero, kwalba na gefenta. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na wanke mota sau uku. Na ba wani ɗan maraƙi kalandar, ya shinshina ya ƙi.

Safiya ta uku, gari ya waye tangaran amma rana ba ta fito ba, Gwaggo ta taɓa ni da ƙafa. Muka hau wani falalen dutse a bayan ruga, ni da ita da Ardo da iyalinsa. Muka tsaya. Can sai ƙaho na farko ya tashi daga ƙololuwa. Ban san yadda zan kwatanta ba. Ba kuka ba ne, ba waƙa ba ne, kamar dutsen ne ya buɗe baki ya yi hamma bayan barcin shekara. Sautin ya gangaro ya bugi wani dutse can gefe ya dawo, shanu duk suka ɗaga kai. Kafin ya mutu na biyu ya karɓa daga wani lungu, muryarsa siririya. Gwaggo na lanƙwasa yatsa tana faɗin sunan gida, tana gaya mini wane ne kakansu, wa suka aura, wa suka yi faɗa da shi a kan rafi. Na uku. Na huɗu mai kakkarwa, ta ce wannan yaro ne sabon hannu. Na biyar, na shida. Ta lanƙwasa yatsa na bakwai, ba ta faɗi suna ba.

Ba abin da ya tashi.

Na ɗauka na takwas zai karɓa a wuce wurin. Ashe ba a haka. Ba a tsallake gida. Dutse guda, da maza ɗari nawa a kansa, da gari guda a ƙarƙashinsa, kowa ya tsaya yana jiran ƙahon da kowa ya san ba a shafa ba. Iska ta tsaya. Shirun ya yi tsawo har wata saniya ta fasa tuƙa. A can sama akwai tsoho da ƙaho a hannu, bakinsa lafiya, numfashinsa lafiya, ba mai riƙe da hannunsa, kuma bai busa ba.

Sai Gwaggo ta miƙa mini kwalbar. Ta matsa bakin falalen, ta gyara zani, ta sa hannu biyu a gefen baki. Muryar da ta fito daga wannan 'yar tsohuwa, har yau ban san inda ta ajiye ta ba. Kukan ƙahon gidanmu ta yi da maƙogwaronta, dogo biyu, sannan gajere mai karyewa a ƙarshe, yadda ta ji ubanta na busawa tana yarinya. Ya tafi ya bugi dutse ya dawo mana, ya sake tafiya. Muka jira. Ardo ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Can sai ƙaho na takwas ya karɓa, na tara ya bi, har aka kai ƙarshe, sannan duka suka haɗu suka busa tare, gari ya fashe da guɗa, taɓare suka faɗa turame lokaci ɗaya kamar an saki ruwa. Ardo ya ce tun yana bin maruƙa yake jin ƙahonin nan, bai taɓa jin an amsa wa mace ba.

Saukowar ma abin kallo ce. Kowane namiji ya lulluɓe da ɗanyen ganye daga ka har gwiwa, baka da kibiya a hannu, suna gangarowa ta kowace kafa, sai ka rantse kurmin ne ya gaji da zaman sama. Wani tsoho ya zo ya kwashe ganyen hanya ya watsa gefe, kamar ba shi ne ya tsare mu kwana biyu ba. Gwaggo ta shiga, ina bin ta a baya da kwalba. Muka sami Baba Babba a ƙofar gida a kan kututture, samari biyu ne suka sauko da shi. Ƙahon na kan cinyarsa, a bushe, ya yi fari-fari. Suka dubi juna shi da Gwaggo, suka yi magana da yare, gajeruwa. Ta karɓi kwalbar ta zare totuwa, ta durƙusa ta shafa masa man a gwiwoyi. Na ji ta ce mota, na ji ta ce taya, na gane rufa mini asiri take yi. Ban san abin da ya kama ni ba. Na zube a ƙasa na ce, "Baba, motar lafiyarta lau. Ni na cire waya, don in ci biki a hanya."

Baba Babba bai sake hawa dutsen ba. Yanzu kwalta ta kai har ƙofar gidan, ba a sa ganye, sai dai samari masu bajo a ƙirji su ja igiya su nuna wa manyan baƙi inda za su ajiye mota. Ana busa ƙahonin a filin makaranta, a gaban lasifika, in wani gida bai zo ba mai gabatarwa ya ce a tafa musu, a kira na gaba. Yana da kyau, ba na cewa ba kyau, ba wanda zai ƙara makara saboda wata. 'Yata za ta kai jikokina, za su ɗauki hoto, za su isa ƙarfe goma daidai. Ni dai duk inda taro ya yi tsit, ko a coci ne kafin fasto ya buɗe baki, sai in ji ni a ƙasa a gaban kututturen nan. Tsohon ya daɗe yana dubana, yana shafa ƙahon da tafin hannu. Ya yi magana da Hausa don in ji da kyau, a hankali, ba fushi ba dariya.

Ya ce, "Ɗan ƙanena, shekara hamsin ina busa ƙahon nan. Ba a taɓa saurarona kamar yau ba."